Tambaya ta tara da ake tsallakewa

Matan da muka horar a wasu ƙauyukan Jihar Kano domin gano masu ciwon damuwa ba baƙin aikin sa-kai ba ne, yawancinsu sun daɗe suna bin gidaje lokacin allurar shan-inna. Takardar PHQ-9 muka ba su, mai tambayoyi tara a kan halin da mutum ya kasance a makonni biyun da suka wuce, kowace amsa da makinta daga 0 zuwa 3, wanda jimlarsa ta kai 10 kuma a tura shi wurin jami'in lafiya. Lissafin bai ba kowa wahala ba.

Da takardu suka fara dawowa ne hankalina ya tashi. Tambaya ta tara, wadda ke neman sanin ko mutum yana jin gara ya mutu ko yana tunanin cutar da kansa, sifiri ce a kowace takarda, har da ta wata mai jego da jaririnta ya rasu, wadda ta ce ba ta barci, ba ta cin abinci, kuma tana ganin ba ta da amfani ga kowa.

Na bi ɗaya daga cikin masu sa-kan aiki. A tsakar gida aka shimfiɗa mana tabarma, uwar miji na gefe tana ɓarar gyaɗa, kishiya na hura wuta, kunnen kowa yana wurinmu. Da mai sa-kan ta kai tambaya ta takwas sai ta naɗe takarda ta ce Allah ya ƙara sauƙi. A hanya ta ce mini: "Hajiya, ta yaya zan dubi matar mutane a gaban surukarta in tambaye ta ko tana son mutuwa? Gobe ba za a bar ni in taka gidan ba." Gaskiyarta ce. Kashe kai haramun ne a addini, abin gori ne ga dangi, sannan sashe na 231 na dokar Penal Code, kundin hukunta laifuka na Arewa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurinsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba ta soke wannan sashe ba. Abin da har yau yake min ciwo shi ne takardar ta nuna sifiri, mai dubawa a ofis kuwa zai ɗauka lafiya lau.

Sai muka sake zama, muka ajiye sauran tambayoyi takwas. Kowace mai sa-kai ta yi ta furta ta taran da bakinta a gaban 'yar'uwarta har muryarta ta daina rawa, ta kuma koyi cewa uwar miji, "Inna, a ba mu ɗaki, maganar mata ce." Na nanata musu cewa tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Mafi muhimmanci, kowa ta san abin yi idan aka amsa mata da e: ba za ta yi wa'azi ko faɗa ba, ba za ta bar matar ita kaɗai ba, za a kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera daga ɗakin, kuma a ranar za ta kira jami'in ƙaramin asibiti da ya samu horon mhGAP, shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da larurar ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitoci. Mai jegon nan da aka koma aka tambaye ta a ɗaki, ta daɗe tana kuka kafin ta amsa, yanzu kuma tana karɓar magani.

Duk mai shirin irin wannan horo, idan ya ga jerin sifiri a layi na tara, ya bar ofis ya bi masu aikinsa gida-gida. Ya kuma tanadi kuɗin mota tun daga farko, domin wadda larurarta ta yi tsanani sai an kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma a tsakiyar damina magidanci ba shi da abin da zai sayar ya kai ta.