Abin da Muke Biya Ba Tare da Mun Sani Ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa Facebook da ire-irensa kyauta ne, alhali kuwa da bayanan rayuwarmu muke biya, wato abin da muka nema, da inda muka je, har da hoton da muka ɗan tsaya muka kalla. A shekarar 2018 aka bankaɗo yadda kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai iya kai miliyan 87, galibinsu ba da saninsu ba, domin tallar siyasa. A shekarar ce kuma dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki. Ni dai ina shakkar amincewar da ake cewa mun bayar, domin da wuya a samu wanda ya karanta dogayen sharuɗɗan nan kafin ya danna maɓallin yarda.