Asabar: Waƙoƙin Japan da Gangar Taiko

Yau aikin yini guda ya tafi a kan sashen waƙoƙin pop na Taiko no Tatsujin, wasan gangar nan da kamfanin Namco ya fitar a Japan a 2001. Na buga shi ne a na'urar wasa ta Nintendo Switch da aka jona wa talabijin. Ƙa'idar ba wuya: ɗigo-ɗigo ne ke wucewa a fuskar talabijin, jan ɗigo a bugi tsakiyar ganga, shuɗi a bugi gefe, babban ɗigo kuma a sa hannu biyu.

Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne waƙar cikin wasa ba ita ce wadda kunnensa ya saba da ita ba. Ana datse ta ta dawo kamar minti biyu, yawanci baiti ɗaya, amshi, sai rufewa. Da yawa ma ba muryar mai waƙar ba ce, wani aka ɗauko ya sake rerawa. Maganar izini ce. Haƙƙin kalmomi da karin waƙa daban yake, kuma JASRAC, ƙungiyar kare haƙƙin waƙoƙi, ce ke kula da kaso mai yawa nasa a Japan. Haƙƙin sautin da aka naɗa kuwa yana hannun kamfanin faifai. In an sake rerawa, an huta da neman na biyun. Hanyar da wani wasan kiɗa, Osu! Tatakae! Ouendan, ya bi ke nan a na'urar Nintendo DS a 2005.

Inda daɗin yake, a ganina, matakin Oni ne, wato mataki mai wuya sosai. A can ɗigon kan bar kiɗa ya bi bakin mawaƙi gaɓa-gaɓa, yadda kalangu ke bin magana. Mawaƙan pop na Japan kuma suna son shiga amshi rabin bugu kafin lokaci, don haka mai ƙirga da ƙafa kawai zai makara. Sai an riƙe muryar a ka, hannu kuma dama, hagu, dama, kada ɗaya ya ɗauki nauyin duka.

Amma babbar matsalar yau jinkiri ce. Waƙa mai bugu 180 a minti, kowane bugu milisakan 333 ne, rubu'insa 83. A Oni, cikakken maki na buƙatar a faɗa cikin kusan milisakan 25 kafin ɗigo ko bayansa. Abin kunne na Bluetooth kan ƙara fiye da 100, wato sautin na isowa bayan ɗigo guda ya riga ya wuce. Laifin ba na hannu ba ne.

Gyaran: a koma abin kunne mai waya, a kunna Game Mode (saitin da ke rage jinkirin hoto) a talabijin, sannan a shiga saitin daidaita lokaci na wasan. A fara daidaita sauti da hoto, daga baya bugun ganga, kada a taɓa su tare. A gwada da waƙa mai sanyin tafiya a matakin Futsuu, wato matsakaici, ana matsar da lamba kaɗan-kaɗan. In an sauya talabijin ko lasifika, sai an sake saitin daga farko.