Abin da na fita da shi daga ofishinmu

Ƙarshen watan nan zan bar ofishin lauyoyin da na fara aiki tun bayan bautar ƙasa. Abokan aiki sun san dalili, don haka babu amfanin kewaye-kewaye: fayil ɗin marigayin ɗan kasuwar nan ne.

Mutumin ya rasu ya bar rumfuna da gidaje da 'ya'ya ƙanana, ya kuma bar takardar da ta naɗa Oga wasiyyi, mai riƙon amanar dukiyar har yaran su mallaki hankalin kansu. Ya bar bashi kuma. Akwai dillalin hatsi da ke binsa kuɗin kaya, akwai wata dattijuwa da ta ba shi ajiyar kuɗin adashinta, kowanne da shaida a rubuce. Sai aka ce in shirya takardar sayar da rumfa ɗaya ga kamfanin da Oga ke da hannun jari a ciki, a farashin da ko ɗan dako ya san an karya shi, masu bin bashi kuma su jira "sai an daidaita lissafi".

Na shiga na ce, "Ranka ya daɗe, wannan cinikin ba zai tsaya a gaban alƙali ba." Na tuna masa shari'ar Keech da Sandford ta 1726 a Ingila. Wani mai riƙon amanar yaro ya nemi a sabunta wa yaron hayar kasuwar Romford, mai kasuwar ya ƙi, shi kuma ya karɓa da sunansa. Kotu ta tilasta shi ya mayar wa yaron hayar da duk ribar da ya ci, alhali da ma yaron ba zai samu ba. A shari'ar Boardman da Phipps, wadda House of Lords, kotun ƙolin Birtaniya a wancan lokacin, ta yanke a 1966, lauyan ya yi aiki da gaskiya, dukiyar amanar ma ta ƙaru ta dalilinsa, amma aka ce ya amayar da ribar da ya samu ta hanyar matsayinsa. Kotunanmu na bin waɗannan ƙa'idoji. To ina ga wanda zai sayar wa kansa kayan marayu da araha?

Maganar bashi kuwa ba sai an je Ingila ba. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, ta sanya gado bayan wasiyya da bashi, malamai kuma sun haɗu a kan cewa bashi ake fara biya. Kuɗin dattijuwar nan ma ajiya ne, tun farko ba ya cikin abin da za a gada.

Amsarsa ita ce, "Barista, tun ba a haife ki ba nake wannan aikin." Washegari aka ɗauke fayil ɗin daga teburina, aka mayar da ni mai zuwa kotu roƙon ɗage zama. Wannan na jure. Abin da har yau yake min ciwo shi ne, da lauyan dillalin ya shigar da ƙara, aka gaya wa uwar yaran cewa sakacin ƙaramar lauya ne ya jawo. Ta gaishe ni a bakin ƙofa ba ta ɗago kai ba.

Ga masu shigowa bayana: kuɗin amana asusunsa daban, kada ya kwana a asusun ofis. A yi cigiyar masu bin bashi kafin a raba ko sisi. Duk shawarar da kuka ba babba da baki, ku bi ta da rubutu mai kwanan wata.

Ni na rubuta tawa, kuma tana cikin fayil ɗin. Dattijuwar ba a biya ta ba har yanzu, ƙarar tana gaban kotu, kuma in aka kira ni shaida zan maimaita abin da na rubuta.