Barcin mota ya ja mana asara ranar gwajin kunnen autana

Duk wadda za ta kai ƙaramin yaro gwajin ji a garin nan na Legas, kafin ta tambayi kuɗi ta fara tambayar ko gwajin na barci ne. In na barci ne, to kada ta bari ya runtsa a mota. Mu ba wanda ya gaya mana, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Autana ya haura shekara biyu bai ce ko "Mama" ba. Ya yi shawara mai ƙarfi yana jariri, ita kuwa tana cikin abubuwan da ke taɓa ji, kamar ƙyanda da sanƙarau. A gidanmu na Agege kowa likita ne. Hajiya, mahaifiyar maigidan, takan lallaɓa bayansa ta buga murfin tukunya, ya waiwayo, ta ce: "Kin gani? Jinkirin baki ne kawai, haka ubansa ya yi." Daga baya na fahimci wannan ba gwaji ba ne. Ƙarar murfi ko mai raunin ji yana jin ta, ga iska, ga inuwar mutum.

Farko an gwada shi ido biyu. Ɗaki ne da ba ya shigar da ƙara, yaro na kan cinyarki, a saki sauti daga gefe, in ya waiwaya sai wata 'yar tsana ta yi haske. Irinsa ake yi wa 'yan wata 6 zuwa kamar shekara biyu da rabi. Nawa dai tun da ya ga farar riga ya ƙanƙame hijabina yana tsala ihu. Aka zo sa masa ɗan robar gwajin OAE, wanda ke sauraren amsawar can cikin kunne, ya fizge ya yi jifa da shi. Wannan 'yan mintuna kawai yake buƙata, amma sai da shiru. Sai aka rubuta mana ABR.

Shi ABR ba ruwansa da ko yaro ya yarda. Ana manna 'yan wayoyi a goshi da bayan kunnuwa, a sa iyafis, na'ura ta riƙa karanta yadda jijiyar ji ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Matsalarsa motsi. Ko muƙamuƙi yaro ya motsa, layukan kwamfutar sun hargitse. Dole ya yi barci mai nauyi, wani lokaci sama da awa guda.

Muka biya kuɗi, aka ba mu rana. Mun fito da sassafe, muka faɗa gosulo tun kafin Oshodi. Danfo na jijjiga, ga zafi, yaro ya langaɓe a ƙirjin Hajiya. Ni har daɗi nake ji, na ce ya huta kada ya yi rigima. Ya sha barcinsa ya ƙoshi. Muna isa ya farka garau, yana zagaye ɗakin jira yana jan takalman mutane. Na goya, na yi jijjiga, na ba shi kunu, na yi masa waƙa, a banza. Ma'aikaciyar ta leƙo ta ce lokacinmu ya ƙare, akwai masu jira. A nan ne ta tambaye ni ko ya yi barci a hanya. A nan! Tambayar da in da an yi ta ranar da muka biya, da ba mu yi asarar wani kaso na kuɗin ba, da maigida bai rufe shago wuni guda a banza ba, da ba mu ƙara makonni muna zullumi ba.

Wata mata a ɗakin jiran ta ce in ɗura masa maganin mura mai sa barci. Ban yi ba, kuma kada ki yi. In ya kama a ba yaro abin sa barci, likita ne ke auna nauyinsa ya bayar yana sa ido, kuma akwai ƙa'idar hana abinci kafin nan.

Da za mu koma, shiri na yi sosai. Ya kwanta a makare, na tashe shi da kiran asuba. A mota na ce: "Hajiya, don Allah yau ki bar mini shi." Ta ce: "Ke dai kin cika tsirfa." Amma ita ce ta riƙa goga masa jiƙaƙƙen tsumma a fuska tana nuna masa masu talla ta taga. Ya yi kuka har fasinjoji suna hararata, ban kula ba. Na kuma hana a shafa masa basilin a fuska, don wayoyin ba sa kama fata mai maiƙo. Abincinsa na riƙe sai da muka shiga ɗakin gwajin, da yake ba magani za a ba shi ba. Yana gama sha ya ɓingire.

Jijiyarsa lafiya lau, alhamdu lillahi. Yana cikin barcin aka auna motsin dodon kunnensa, aka ga ruwa ne ya taru a bayansa, kunnuwan biyu. Magana tana isa gare shi a dusashe, kamar daga ɗakin maƙwabta. Likitan kunne ya ce irin wannan ruwan yakan janye da kansa, a jira wata 3 a sake dubawa, in ya ƙi akwai ɗan bututun da ake sawa.

Abin da ke ci mini rai, a nan Legas Dakta Bolajoko Olusanya ta nuna ana iya gwada jin jarirai a wurin rigakafin BCG, wato na tarin fuka. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a tantance kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Jariri barci ne sana'arsa, ba sai an yi wannan dambe ba. Mai jego da ɗanta ya yi shawara ta nemi gwajin tun lokacin, ko ba a yi mata tayi ba.

Gwaji na gaba na wasa ne, yaro ya jefa abu a bokiti duk sanda ya ji sauti. Mun fara koyo a gida da murafen kwalba da usur, ina tsayawa a bayansa don kada ya kalli bakina. An ba mu ƙarfe goma na safe, kuma na riga na tambaya: wannan karon so suke ya zo a ƙoshe, ya yi barcinsa isasshe.