Ƙarar jitar da aka bari a cikin "Creep"

Aikina haɗa sauti ne a sutudiyo, kuma yawancinsa goge-goge ne: cire numfashin mawaƙi, kawar da ƙarar da ta shigo ba a shirya ba, daidaita murya har ta yi sumul. Waƙar "Creep" ta ƙungiyar Radiohead ta Ingila ce ta koya mini in dakata kafin in goge.

Ta fito a watan Satumba na 1992. Tafiyarta a hankali take, kan sautuka huɗu da ke ta zagayowa tun daga farko har ƙarshe, Thom Yorke yana rerawa ƙasa-ƙasa. Dab da amshi sai jitar Jonny Greenwood ta faɗo da wata busasshiyar ƙara, kamar an doki ƙofar kwano da dare. Yadda 'yan ƙungiyar suka ba da labari, sanyin waƙar ne bai yi wa Greenwood ba, ya yi hakan don ya ɓata ta. Sean Slade da Paul Kolderie, waɗanda suka ɗauki sautin, suka bar ƙarar a inda take.

A nan ran waƙar yake. Kunne ya riga ya kwanta da shirun baitin farko, don haka bugun yake firgita shi, ya buɗe wa amshin hanya. A yau muna matse sauti domin ya yi ƙarfi a lasifikar waya, har mai sanyi da mai zafi su zama kai ɗaya. Da an yi wa "Creep" irin wannan matsa, da bugun nan ya shige ba wanda ya ji shi. Abin yana damuna ƙwarai, domin da hannunmu muke kashe tazarar da ke sa tsikar jiki ta tashi.

Waƙar tana da rauninta. Baitocinta na jin tausayin kai ne, kuma in ka girma sai su fara yi maka nauyi a kunne. Sannan wani ɓangaren karinta ya yi kama da wata waƙa da ƙungiyar The Hollies ta yi fice da ita a 1974, har aka sa sunayen Albert Hammond da Mike Hazlewood, waɗanda suka rubuta waccan waƙar, cikin marubutan "Creep". Shi ya sa in mawaƙi ya zo mini da karin da na san na taɓa ji, nakan faɗa masa tun kafin mu kunna makirufo.

Da farko ma ba ta karɓu a gida ba: lamba 78 ta tsaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Gidajen rediyon Isra'ila da na Amurka ne suka ɗaga ta, da aka sake fitar da ita a 1993 ta kai lamba 7.

Har yanzu masu kawo mini aiki kan ce in goge duk wata ƙara, kuma waƙarsu ce, kuɗinsu ne. Sai dai nakan ajiye ɗaukar farko, in kunna musu ita tare da gogaggiyar, su zaɓa da kunnensu.