Ranar da na ɗauki kowa ban da mai lambar yabo

Aikin kamfani na farko da na samu a Kano taron ƙarshen shekara ne a zauren wani otal. Kafin nan na yi shekara uku ina ɗaukar hoton biki, daga kamu har dina, sai na raina abin. Mutane a zazzaune, ba rawa, ba liƙi, me zai gagare ni?

Wajen ƙarfe 12 aka kira wani dattijo da ya yi ritaya a ba shi lambar yabo. Ni kuwa ina can ƙarshen zaure ina canza wa filasha batir. Kafin in kutsa tsakanin kujeru in iso gaba, an miƙa, an yi musabaha, an tafa, dattijo har ya juya. Washegari na kai hotuna sama da 400. Jami'ar da ta ba ni aikin ta duba, ta sake dubawa, ta ɗago ta ce, "Malam, ina na Baba?" Na rasa bakin magana.

Tun daga ranar ba na zuwa taro sai da jadawalinsa a aljihuna, kuma ina isa awa guda kafin a fara. In samu wani ɗan gida in ce ya nuna mini shugaba, da babban baƙo, da duk wanda za a kira gaba. Batir da katin memori kuwa lokacin dogon jawabi nake canza su, ko da ba su ƙare ba. Daga baya ma na gane cewa da na matsa a take na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan sake miƙawa," da an sake. Manya ba sa ƙin wannan, kunya ce kawai ta hana ni.

Haske shi ne ɗaya ciwon kan. Masu ƙawata zaure na son fitilu shuɗi da ruwan hoda, ga kyau a ido, amma a hoto sai fuskar mutum ta koma kamar marar lafiya. Shi ya sa nake ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don in gyara launi a kwamfuta. Filasha ba na haska ta kai tsaye. Sama nake juya ta ta daki silin, in fari ne kuma bai yi tsawo ba, hasken ya sauko a tausashe. Ga kuma farar shadda. In dattijo ya sha babbar riga fara tas, kyamara sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuska ta yi duhu. In ka ƙara da yawa kuma aikin wuyan rigar ya ɓace. Fuska nake fara aunawa, sannan in leƙa rigar. A cikin zaure yawanci ina buɗe idon kyamara sosai, a f/2.8, gudun shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, bai gaza 1/125 na daƙiƙa ba, ISO kuwa, wato ƙarfin kama haske, ina kai shi 3200 ba fargaba. In ana nuna rubutu da majigi, kashe filasha nake yi, don takan wanke allon.

A biki jadawalin a bakin babbar ƙawa yake, ko wata gwaggon amarya. Su ne za su ce maka, "Waccan mai laffayar uwar ango ce, kada ka bar ta." Da an fara liƙi amarya ta ɓace a cikin 'yan anko da wayoyi, shi ya sa nake yawo da ƙaramin tsani. Akwai kuma matan da ba sa son hoto. Da na ga an ja mayafi, sai in kawar da kai. Haka in an kawo abinci, a biki ko a taro, kyamara ƙasa take komawa. Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da hotonsa da loma a baki ba.

Hoton Baba kuwa a wayar wani direban kamfanin aka samo shi, dishi-dishi, an yanke rabin hular shugaba. Shi suka sa a shafin farko na rahotonsu, nawa suka biyo baya.