Ƙudirin da muka yi wa walima

A dare ɗaya cikin watan Agusta ruwa ya tafi da kwalbatin da ke haɗa garinmu da babban titi. Da gari ya waye muka tarar da ramin da zai haɗiye raƙumi. Masu kai gero da wake kasuwa sai sun sauke buhuna an ɗauka a ka an haye, wata mota ta karɓa a ƙetare, mace mai naƙuda kuwa sai dai amalanke. Da aka zauna a ƙofar maigari aka ce tunda ni ne magatakardan ƙungiyar ci gaban gari, ni ke da biro, ni zan kai kukanmu majalisar dokoki a Gusau.

Abin da na sani game da majalisa a lokacin bai wuce abin da nake ji a rediyo ba. A zatona in ta ce a yi, to an gama. Ko yawan 'yan majalisar ban riƙe ba sai da yaron Onarabul ɗinmu, mai riƙe masa takardu, ya lissafa mini muna jira a tsakar gida. Su 24 ne. Ƙananan hukumomin Zamfara 14, goma suna da kujera bibbiyu, Anka da Bakura da Birnin Magaji da Shinkafi kuma ɗaya-ɗaya. Tsarin mulkin 1999 ya ce a ninka kujerun jiha na majalisar wakilai sau uku ko huɗu, amma kada a gaza 24, kada a haura 40. Mu bakwai gare mu a Abuja, sau uku 21 ke nan, sai ƙa'idar mafi ƙaranci ta ɗaga mu. Kebbi mai takwas ta faɗa kan 24 daidai, Kano kuwa ta kai ƙarshen layi da 40.

Onarabul ya karɓe ni hannu bibbiyu. Ya karanta takardarmu, ya duba hotunan ramin, ya ce zai gabatar da ƙudiri a zama mai zuwa a matsayin batun gaggawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri," na fita ina jin kamar na riga na ga siminti.

Ranar zaman na samu wuri cikin baƙi. Dogarin majalisa ya shigo da sanda a kafaɗa, kakaki na biye, kowa ya miƙe. Wannan sanda da mutum zai ɗauka ado ce, in ba ta kan teburi zaman bai zauna ba, shi ya sa sau da yawa in rikici ya ɓarke a wata majalisa a ƙasar nan za ka ji an yi awon gaba da ita. Ana buƙatar kashi ɗaya cikin uku kafin a fara, mutum takwas ke nan, ran nan kuwa sun fi haka. Aka bi jadawali har aka iso kanmu. Onarabul ya tashi ya ambaci sunan garinmu, gabana ya faɗi don murna. Wani daga wata mazaɓa ya mara masa baya, har ya ƙara da cewa su ma suna da irin wannan rami. Kakaki ya nemi masu goyon baya su amsa, aka amsa, ya nemi masu adawa, shiru, ya buga guduma. Duka bai kai minti ashirin ba.

Na koma gida na ce majalisa ta amince. Maigari ya sa aka yanka akuya, mata suka yi guɗa, liman ya yi addu'a.

Rani ya zo ya wuce, ramin na nan, har ya ƙara baki. Mutane suka fara yi mini wani irin kallo, masu tsokana suna tambaya ko na cinye kwalbatin a hanya. Na koma Gusau da fushina a ciki, Onarabul ya yi tafiya, sai Allah ya haɗa ni da wani dattijo cikin ma'aikatan da ke ƙarƙashin akawun majalisa, yana shan shayi a gindin dogon yaro. Ya ce in karanto masa takardar ƙudirin. Na karanta har wurin da aka ce majalisa "ta yi kira" ga ɓangaren zartarwa. Ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, ɗana. Mi aka ce? Kira. To kira ai ana amsawa, ana kuma yin shiru."

Na ce, "Baba, amma ai guduma aka buga."

Ya yi dariya, sannan ya warware mini abin da ya kamata in sani tun kafin in baro gida. Abin da aka yi mana matsaya ce ta majalisa, shawara mai nauyi, amma ba ta ɗaure gwamna ba. Doka hanyarta daban: karatu na ɗaya, na biyu inda ake muhawara, a miƙa wa kwamiti, wani lokaci a kira jama'a su faɗi ra'ayinsu, a dawo karatu na uku, sannan a kai wa gwamna. Kwana 30 gare shi ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma mutum 16, kashi biyu cikin uku, suna iya mayar da ita doka ba da shi ba. Da wannan adadi ake sauke kakaki, da shi ake tsige gwamna ko mataimakinsa bayan kwamitin mutum bakwai na babban alƙalin jiha ya gama bincike, kamar yadda aka tsige mataimakin gwamna Mahdi Aliyu Gusau a Fabrairun 2022. Ni kuwa ba sabuwar doka nake nema ba, layi ɗaya nake nema a cikin dokar kasafin kuɗi, don ba a fitar da kuɗin gwamnati sai kasafi ya ambace su. Kasafin shekarar kuma an daɗe da rufe shi ba mu ciki.

Tun daga ranar na daina wuce irin waɗannan ma'aikata ina neman masu babbar riga. 'Yan majalisa shekara huɗu suke yi, wani lokaci ma kafin a rantsar da su ƙasa ta juye, kamar a Mayun 2019 da Kotun Ƙoli ta soke nasarar 'yan takarar APC a jihar kujeru suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. Masu riƙe da fayil suna nan daram, su suka san inda kowace takarda ta kwana.

Zagaye na biyu da lissafi muka yi shi. Tun tsakiyar shekara, lokacin da ma'aikatu ke haɗa buƙatunsu na baɗi, muka kai takarda ma'aikatar ayyuka, muka liƙa mata kwafin wancan ƙudiri, wanda a nan ne ya yi rana, don ya nuna maganar ta taɓa shiga zaure. Muka ba shugaban kwamitin ayyuka na majalisa kwafi, akawun kwamitin ya buga mana hatimin karɓa. Da gwamna ya gabatar da kasafi a ƙarshen shekara aka raba shi ga kwamitoci, kwamishinoni suka riƙa zuwa kare nasu. A ɗan ɗaki ake wannan zama, babu sanda babu guduma, amma a nan ake yi wa adadi ƙari da ragi, a nan Onarabul ya tsaya mana, kuma wahalar da ya sha ran nan ta ninka ta ranar jawabi.

Da kasafin ya fito na samu shafin, na ga sunan garinmu a ƙasan wani dogon jeri, na ɗauki hotonsa a waya. Maigari ya tambaya ko a nemo akuya. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bari tukuna, shiga kasafi daban sakin kuɗi daban." Makon jiya wasu injiniyoyi biyu suka zo da igiyar awo, suka auna faɗin ramin, suka kafa turaku huɗu suka shafa musu jan fenti. Na sa yara su riƙa kora awaki daga wajen.